Yawon buɗe ido a Dublin: ƙasa ta koma hannun masu ita, harshe bai koma ba

Baƙon da ya sauka Dublin, babban birnin ƙasar Ayilan, abin da zai fara ɗaukar hankalinsa shi ne allunan hanya. Kowane allo da harshe biyu aka rubuta shi. A sama akwai harshen ƙasar na asali, Gelik, wanda masu shi ke kira Gaeilge, a ƙasa kuma Ingilishi. Birnin kansa suna biyu gare shi: Dublin, da Baile Átha Cliath, wanda ake gani a saman lambar motocin garin. Amma in baƙon ya kasa kunne cikin bas ko a kanti, Ingilishi zai ji kusan kowa na yi. A ƙidayar jama'a ta 2022, mutum wajen miliyan 1.9 suka ce sun iya Gelik, amma waɗanda ke magana da shi kullum a wajen makaranta ba su wuce dubu 72 ba, cikin ƙasa mai mutum fiye da miliyan 5.

Yaya aka yi al'ummar da ta kori mulkin mallaka, ta sa harshenta a saman kowane allo, ta wayi gari tana hira da harshen waɗanda ta kora? Amsar tana warwatse cikin wuraren da masu yawon buɗe ido ke ziyarta a Dublin da kewayenta. Yawancin baƙi sukan ruga gidan tarihin giyar Guinness da mashayun unguwar Temple Bar. Malami ko uba da ya samu ƴan kwanaki a birnin yana da abin da ya fi wannan, in ya bi wuraren bisa jerin zamaninsu.

Kafin a kafa birnin

Ziyarar farko ta wajen gari ce. Kimanin kilomita 50 arewa da Dublin, a kwarin kogin Boyne, akwai wani tudu da ake kira Newgrange. Kabari ne na duwatsu da ƙasa da manoma suka gina wajen shekara 3200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ke nan ya girmi dalar Giza ta Masar da ɗaruruwan shekaru. Ana shiga ta wani siririn lungu mai tsawon mita 19 har a isa ɗakin tsakiya, wanda rufinsa na duwatsu bai taɓa yoyo ba. A saman ƙofar magina sun bar ƴar taga. Wajen 21 ga Disamba, lokacin da yini ya fi gajarta a can, hasken fitowar rana yakan bi tagar ya ratsa lungun ya haskaka ɗakin na tsawon minti 17, sa'an nan ya janye. Masanin da ya tono wurin, Michael O'Kelly, ya ga haka da idonsa a 1967. Yau sai an jefa ƙuri'a ake zaɓen ƴan ƙalilan da za su shiga a wannan safiya. Mutanen da suka yi wannan lissafi ba su bar rubutu ba, shi ya sa aikinsu na nan tsaye, harshensu kuwa ya tafi tare da su.

Ziyara ta biyu ta kudu ce, cikin duwatsun Wicklow, ita ma wajen kilomita 50. Sunan wurin Glendalough, wato kwari mai tafki biyu. A ƙarni na 6 wani mai zaman zuhudu da ake kira Kevin ya keɓe kansa a nan, almajirai suka bi shi, wurin ya zama garin karatu. Har yau ana ganin kufan majami'u, da maƙabarta, da wata hasumiya zagayayya mai tsawon mita 30 wadda ƙofarta ke sama da ƙasa da fiye da mita 3. A irin waɗannan gidajen zuhudu aka fara rubuta Gelik a littattafai. Da Latin malaman ke karatun addini, amma sukan yi sharhi da harshensu a gefen shafi da tsakanin layuka, kamar yadda malamanmu na zaure ke rubuta fassarar Hausa da ajami a gefen littafin Larabci. Daga nan suka shiga rubuta dokoki da labaran sarakuna da waƙoƙi. Shi ya sa Gelik na cikin harsunan Turai da suka fi daɗewa da adabi a rubuce. Ya kamata a riƙe wannan: harshen da ya ja baya daga baya yana da rubutu da malamai tun fiye da shekara 1,200 da suka wuce.

Littafin Kells da mayaƙan ruwa

Mafi shahara cikin abin da waɗannan malamai suka bari yana tsakiyar Dublin, a jami'ar Trinity. Shi ne Littafin Kells, Linjila huɗu da Latin, da aka rubuta da hannu wajen shekara ta 800 a kan fatar maraƙi. Warƙa 340 suka rage, kuma an ƙiyasta fatun maruƙa wajen 185 aka jeme domin aikin. Zayyanarsa ta yi ƙanƙanta har sai da gilashin ƙara girma ake ganin wasu layukan. Ana danganta shi da malaman tsibirin Iona, waɗanda mahara suka kashe musu mutum 68 a 806, suka yi hijira zuwa garin Kells. A 1007 ɓarayi suka sace shi, suka ɓalle bangonsa na zinariya, suka yar da takardun, aka tsince su bayan ƴan watanni a ƙarƙashin ciyawa. A saman ɗakin da aka ajiye shi akwai tsohon ɗakin karatu mai tsawon mita 65, inda aka ajiye tsohuwar molon ƙasar mai tsirkiya da yawa, wadda hotonta ke jikin kuɗin Yuro na Ayilan.

Maharan da suka kori malaman Iona su ne suka kafa Dublin. Viking ake ce musu, mayaƙan ruwa daga arewacin Turai. A 841 suka kafa sansani a bakin kogin Liffey, kusa da wani gurbin ruwa da ƴan ƙasa ke kira Dubh Linn, baƙin tafki, daga nan sunan Dublin ya fito. Garin ya zama babbar kasuwa, har da ta bayi, inda ake sayar da mutanen da aka kamo daga Ayilan da Birtaniya. Ƙarfin Viking ya ragu bayan yaƙin Clontarf na 1014, inda sarki Brian Boru ya yi nasara amma ya rasa ransa. Jikokinsu suka yi auratayya da ƴan ƙasa, suka narke cikinsu.

A cikin shekarun 1970, da hukumar birni ta tashi gina ofisoshinta a Wood Quay, kusa da majami'ar Christ Church, sai aka tono gidajen Viking da titunansu da takalmansu da matajan kansu, laka ta adana su. A 1978 mutum wajen dubu 20 suka yi jerin gwano don a bar wurin. Hukuma ta ƙi ji, ta gina ofisoshin. Abin da aka iya kwashewa yana gidan tarihi na ƙasa da ke titin Kildare, inda shiga kyauta ce.

Fadar mulkin Ingila

Daga Christ Church zuwa fadar Dublin tafiyar ƴan mintuna ce a ƙafa. Mayaƙan Norman daga Ingila sun sauka tsibirin a 1169, suka ci Dublin a 1170, sarki John ya ba da umarnin gina fadar a 1204. Daga nan aka mulki Ayilan fiye da shekara 700. A saman ƙofar farfajiya akwai mutum-mutumin Adalci, mace riƙe da ma'auni, fuskarta na kallon cikin fada, bayanta na kallon gari. Mutanen Dublin sun daɗe suna yi wa wannan ba'a.

A farkon zamanin, ikon Ingila bai wuce Dublin da ƴan gundumomin da ke kewaye da ita ba, kuma Gelik ne ke haɗiye baƙi. Jikokin Norman suka ɗauki harshen da tufafin da al'adun ƴan ƙasa, har a 1366 aka kafa dokokin Kilkenny da suka hana su yin Gelik da auren ƴan ƙasa. Dokar ba ta yi tasiri ba, domin a lokacin Gelik ne harshen kasuwa da na fadar hakimai da na surukai.

A bayan fadar akwai wani lambu zagayayye, daidai inda baƙin tafkin nan yake a da. A gefensa ne ɗakin ajiya na Chester Beatty yake, kuma Musulmin da ya je Dublin bai shiga nan ba ya yi hasara. Beatty attajirin haƙar ma'adinai ne haifaffen Amurka, wanda wani ɓangare na dukiyarsa ya fito daga jan ƙarfen Zambiya da lu'ulu'un Gana da Saliyo. Ya koma Dublin a 1950, da ya rasu a 1968 ya bar wa al'ummar ƙasar littattafan da ya tara. A ciki akwai Alƙur'anai rubutun hannu fiye da 260, har da wanda shahararren marubuci Ibn al-Bawwab ya rubuta a Bagadaza a shekara ta 391 bayan hijira. Nan ma shiga kyauta ce.

Yadda ƙasa ta suɓuce, makaranta ta canza harshe

Abin da ya juya al'amari shi ne addini da filaye. A ƙarni na 16 Ingila ta koma ɗariƙar Furotesta, yawancin ƴan Ayilan suka tsaya a Katolika. Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta kafa jami'ar Trinity a 1592 domin ƴaƴan Furotesta, kuma sai a 1793 aka yarda ɗan Katolika ya karɓi digiri a can. An ƙwace gonaki an ba baƙi daga Ingila da Sikotilan, musamman a arewa daga 1609. Wanda ya je Newgrange zai iya ratsewa ƴan kilomitoci zuwa Oldbridge, filin yaƙin Boyne na 1690, inda sarki William na Furotesta ya karya sarki James na Katolika. A farkon ƙarni na 18 abin da ya rage a hannun Katolika bai kai kashi 15 cikin ɗari na filayen ƙasar ba, alhali su ne mafi rinjaye.

Dokokin da suka biyo baya sun hana Katolika sayen fili, da shiga majalisa, da jefa ƙuri'a. Dokar 1695 ta hana su koyarwa, ta kuma hana su aika ƴaƴansu karatu waje. Iyaye suka riƙa haɗa ƴan kuɗi suna biyan malami ya koyar da yara a ɓoye, a bayan shinge ko cikin rumbu, har aka riƙa kiran wuraren makarantun shinge. Sai dai ko a can, abin da iyaye da yawa ke nema wa ƴaƴansu shi ne Ingilishi, domin da shi ake shari'a, da shi ake rubuta takardar hayar gona, da shi ake samun aiki. A 1801 aka rushe majalisar Dublin aka haɗe ƙasar da Birtaniya. Ginin majalisar na nan daura da ƙofar Trinity, banki ne ya saye shi.

Daniel O'Connell, lauyan da mutum-mutuminsa ke bakin babban titin da ke ɗauke da sunansa, shi ya jagoranci gwagwarmayar da ta ba Katolika damar shiga majalisar Landan a 1829. Da Gelik ya tashi tun yana yaro, amma da Ingilishi yake yi wa dubban jama'a jawabi, kuma bai ɓoye ba cewa yana ganin Ingilishi ya fi amfani ga talaka. A 1831 gwamnati ta kafa makarantun firamare a faɗin ƙasar, duka da Ingilishi. A wurare da yawa akan rataya wa yaro ɗan sanda a wuya, duk lokacin da ya yi Gelik a yi masa tsaga a jiki, da yamma a ƙirga a hukunta shi. Wanda ya yi lakwal a ƙasarmu a zamanin sambol, abin nan da ake miƙa wa yaron da ya kuskura ya yi Hausa ko Zabarmanci a farfajiya, ba ya bukatar dogon bayani. Abin da ya fi ciwo a labarin Ayilan shi ne sau da yawa iyaye ne ke yin tsagar a gida, su tura yaro da sandan wurin malami. Sun yi haka ne saboda so, suna ganin suna buɗe wa ƴaƴansu hanyar abinci.

Babbar yunwa

A bakin kogin Liffey, kusa da tsohon gidan kwastan, akwai mutum-mutumi na tagulla da Rowan Gillespie ya ƙera a 1997: mutane dogaye ramammu cikin tsumma, sun nufi tashar jiragen ruwa, ɗaya ya saɓa yaro a kafaɗa. Tunawa ce da yunwar 1845 zuwa 1852, wadda suke kira An Gorta Mór, wato babbar yunwa. A ƙidayar 1841 mutanen tsibirin sun haura miliyan 8. Talakawa ƴan haya ne a gonakin masu ƙasa, hatsi da dabbobi na biyan haya ne, abincin gida kuwa dankalin Turawa. Da wata cuta ta ruɓar da dankalin shekara bayan shekara, mutum wajen miliyan 1 suka mutu, fiye da miliyan 1 suka yi hijira, alhali jiragen ruwa na ci gaba da fita da shanu da hatsi zuwa Ingila. Taimako ya zo daga nesa, har Sarkin Daular Usmaniyya Abdulmajid ya aiko da fam 1,000 a 1847. Har yau mutanen tsibirin ba su koma adadin 1841 ba.

Ƴan taku kaɗan daga mutum-mutumin akwai kwafin jirgin ruwa mai suna Jeanie Johnston. Jiragen hijira na lokacin an yi musu laƙabi da makara saboda yawan masu mutuwa a hanya. Shi wannan ya yi tafiya 16 zuwa arewacin Amurka tsakanin 1848 da 1855 ba tare da rasa rai ko ɗaya ba, domin yana da likita, kuma ba a cusa masa mutane fiye da kima. Ana shiga a ga ƴan gadajen katako da iyali guda ke kwana a kai na tsawon makonni. Mu da muka san 1973 da 1984 da 2005 mun san abin da yunwa ke yi wa gari. Su ma ba su manta ba: ƙungiyar agaji ta Concern, wadda mutanen jihar Tawa suka san aikinta, a Dublin aka kafa ta a 1968 lokacin yunwar yaƙin Biyafara.

Yunwar ta fi ƙamari a yammacin ƙasar, inda talakawa masu Gelik suka fi yawa. Waɗanda suka mutu da waɗanda suka tafi, galibinsu masu harshen ne. Waɗanda suka rage suka fahimci cewa ƴaƴansu ma Amurka ko Ingila za su nufa, sai suka dage da koya musu harshen can. A ƙidayar 1851 masu Gelik sun koma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu. A cikin gida ɗaya sai ka samu kaka ba ta jin Ingilishi, uwa na jin duka biyu, jika ba ya jin Gelik.

Malamin makaranta da gidan waya

A ƙarshen ƙarni na 19 wasu suka farga. A 1884 aka kafa ƙungiyar wasannin gargajiya, wadda filinta na Croke Park ke ɗaukar mutum fiye da dubu 82 a yau. A 1893 Douglas Hyde da abokansa suka kafa ƙungiyar raya Gelik, suka buɗe azuzuwan yamma na manya. Cikin matasan da suka shiga akwai Patrick Pearse. Ya je Beljiyam ya ga yadda ake koyarwa da harshe biyu, ya dawo ya buɗe makarantarsa ta St Enda a 1908, ya mai da ita unguwar Rathfarnham a 1910. Ginin gidan tarihi ne yanzu, ana zuwa da bas daga tsakiyar gari, a ga ɗakin kwanan ɗalibai da ofishin shugaban makaranta. Pearse ya rubuta maƙala kan tsarin ilimin mulkin mallaka, ya kira shi injin kisa.

Wannan malamin ne ya tsaya a gaban babban gidan waya na titin O'Connell ranar Litinin 24 ga Afrilu 1916, ya karanta sanarwar kafa jamhuriya. Ƴan tawayen ba su kai dubu 2 ba. Sojojin Birtaniya suka yi wa tsakiyar birnin ruwan igwa, ranar 29 ga wata aka miƙa wuya. Mutum wajen 485 suka mutu, fiye da rabinsu farar hula, 40 daga ciki yara ne. Har yau ana ganin ramukan harsashi a jikin mutum-mutumin O'Connell. Mutanen gari da yawa sun yi fushi da ƴan tawayen, wasu har sun yi musu ihu lokacin da ake wucewa da su.

Abin da ya sauya zukata ya faru ne a gidan kaso na Kilmainham, yamma da tsakiyar gari, kuma shi ne wurin da ya fi cancanta a ba shi rabin yini. An buɗe shi a 1796. A lokacin yunwa ya cika maƙil da mabarata da yara ƙanana da aka kama da satar abinci. Tsakanin 3 da 12 ga Mayu 1916 aka harbe shugabannin tawaye 14 a farfajiyar fasa dutse, Pearse na cikin na farko. Joseph Plunkett ya ɗaura aure da Grace Gifford a ɗakin ibadar gidan sa'o'i kaɗan kafin a harbe shi. James Connolly, shugaban ƴan ƙwadago, ba ya iya tsayuwa saboda rauni, aka ɗaure shi a kujera aka harbe. Kafin watan ya ƙare, jama'ar da ta yi musu ihu ta fara ɗaukar su shahidai. A zaɓen 1918 jam'iyyar Sinn Féin ta ci kujera 73 cikin 105. Yaƙin neman ƴanci ya biyo baya, kuma a cikinsa ne jami'an Birtaniya suka buɗe wuta kan ƴan kallon ƙwallo a Croke Park ranar 21 ga Nuwamba 1920, mutum 14 suka mutu.

Yarjejeniyar Disamba 1921 ta ba gundumomi 26 mulkin kai, 6 na arewa suka zauna da Birtaniya. Ranar 16 ga Janairu 1922 aka miƙa fadar Dublin ga Michael Collins. Bayan wata biyar abokan gwagwarmaya suka juya wa juna bindiga kan yarjejeniyar. A faɗan da aka yi a ginin kotuna na Four Courts, ɗakin ajiyar takardun ƙasa ya ƙone ranar 30 ga Yuni 1922, takardun ɗaruruwan shekaru suka tashi, har da na ƙidayar jama'a kafin yunwa. An kashe Collins a watan Agusta. A Nuwamba sabuwar gwamnati ta harbe wasu samari huɗu a Kilmainham ɗin nan. An rufe gidan a 1924, ya zama kufai, har a 1960 ƴan sa kai, cikinsu da tsofaffin mayaƙa, suka shiga gyara shi da hannunsu. Da farko sun yi yarjejeniya cewa ba za a taɓo zancen yaƙin basasa ba. Yau ja-goran baƙi yakan faɗi duka biyu, kuma ana kai yaran makaranta su ji. Sai an sayi tikiti tun da wuri ta intanet, domin wurin yakan cika. Mai sauran lokaci ya ƙarasa maƙabartar Glasnevin, inda O'Connell da Collins da abokin hamayyarsa Éamon de Valera ke kwance ba nisa da juna.

Abin da doka ta iya da abin da ta kasa

Sabuwar ƙasa ta ɗauki zancen harshe da gaske. Tun 1922 aka wajabta Gelik a makarantu. Tsarin mulkin 1937 ya ayyana shi harshen ƙasa kuma harshen hukuma na farko. Har zuwa farkon shekarun 1970, ɗalibi ba ya samun takardar ƙare sakandare sai ya ci Gelik, ba a kuma ɗaukar mutum aikin gwamnati sai da shi. A 1935 gwamnati ta ɗebo iyalai masu harshen daga yankin Connemara ta ba su gonaki a Ráth Chairn, cikin gundumar Meath, kuma har yau ana jin Gelik a ƙauyen, tafiyar wajen sa'a guda daga Dublin. Duk da haka adadin masu yin sa a gida ya ci gaba da raguwa. An ɗora wa malami kayan da ya fi ƙarfinsa: yaro ya yi shekara 13 ko 14 yana koyon harshen a aji, ya koma gida ya tarar uwa da uba da rediyo da kanti duk Ingilishi suke yi. Ya ci jarrabawa, ya ajiye harshen tare da littafin.

Inda aka ga ci gaba shi ne inda iyaye suka shiga da kansu. Daga shekarun 1970, iyaye a unguwannin Dublin da sauran birane suka riƙa haɗuwa suna buɗe makarantun da ake koyar da kowane darasi da Gelik, lissafi da kimiyya da tarihi, wani lokaci a ɗakunan aro kafin gwamnati ta amince da su. A 1972 irin waɗannan na firamare 11 ne a wajen yankunan da harshen ke raye, yau sun haura 150, kuma wasu har layi ake bi kafin a samu gurbi.

Halin Hausa ya bambanta da na Gelik. Miliyoyin mutane na saye da sayarwa da wa'azi da waƙa da ita daga Agadas har Kumasi, kuma kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ayyana ta harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Amma tarihin Ayilan ya nuna iyakar abin da takardar hukuma ke iya yi, ya kuma nuna inda ɓarakar ke farawa: a gidajen masu ilimi da masu hali, waɗanda ke ganin harshen gida zai hana yaro ci gaba. A Yamai da Maraɗi da Damagaram akwai gidajen da iyaye ke hira da Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci ko Barbarci ko Buzanci a tsakaninsu, su juya wa yaro da Faransanci kaɗai. Koyon Faransanci da Ingilishi da Larabci riba ce, kuma yaro na iya ɗaukar harshe uku ba tare da ya ajiye ɗaya ba. Iyayen Ayilan na ƙarni na 19 sun zaci dole a zaɓi ɗaya, jikokin jikokinsu kuwa suna biyan kuɗi a tura su ƙauyukan yamma lokacin hutu su koyi abin da kakanninsu ke yi kyauta.

Ga wanda Allah ya nufa da zuwa, kwana biyar sun isa: uku a cikin gari, ɗaya a kwarin Boyne, ɗaya a Glendalough, da rigar ruwa a jaka ko da rana ta fito. Wanda bai samu zuwa ba, yawancin wuraren nan na da hotuna a intanet, kuma Littafin Kells da Alƙur'anan Chester Beatty ana iya buɗe su shafi-shafi a nuna wa ɗalibai. Abin da ya fi sauƙin koyi kuwa shi ne ɗabi'ar kai yara su ga wuri da idonsu, tun da gani ya kori ji. Ajin da ke Damagaram na iya zuwa fadar Sarki da unguwar Birni a ƙafa, na Yamai na da gidan tarihi na Boubou Hama, kowane gari kuma na da tsoho ko tsohuwa da suka ga abin da ba ya cikin littafi. In an je, a bar mai ba da labari ya yi shi da harshen da yaran ke ji a gida, a kuma sa su rubuta abin da suka ji da wannan harshen kafin su fassara shi zuwa na jarrabawa.